Katin Priority Pass: abin da yake ragewa daga wahalar zaman filin jirgi, da abin da ba ya taɓawa

Zuwa da kai ya fi saƙo. Shi ya sa har gobe ɗan kasuwar Kantin Kwari yake tashi takanas ya tafi Guangzhou ya taɓa yadi da hannunsa, ma'aikaciyar ƙungiya take zuwa taro Nairobi, injiniya yake zirga-zirga tsakanin Abuja da Legas sau uku a wata. Amma duk wanda aiki ke yawan kaiwa filin jirgi ya san ba tafiyar sama ce ke cinye rana ba, zaman ƙasa ne. Daga Abuja zuwa Kano jirgi ba ya wuce awa ɗaya a sama. Sai dai filin Nnamdi Azikiwe yana da nisan kilomita kusan 40 daga tsakiyar gari, ana son ka iso awa biyu kafin tashi, in an sauka kuma ka tsaya jiran jaka. Kafin ka ankara tafiyar awa ɗaya ta ci biyar, wannan ma in ba a ɗaga lokacin jirgin ba. A tafiyar ƙasar waje awa uku ake nema kafin tashi, ga zaman canjin jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha ko Istanbul.

Wannan zaman shi ne kasuwar Priority Pass. Kamfani ne da aka kafa a 1992, mallakin rukunin Collinson na Landan, kuma abin da yake sayarwa shi ne izinin shiga falukan hutawa na filayen jirgi, sama da 1,300 a faɗin duniya, ko da tikitinka na kujerar ikonomi ne, ko da wane kamfanin jirgi kake bi. A lura tun farko: yawancin falukan ba nasa ba ne. Shi dillali ne tsakaninka da masu falo, ya karɓi kuɗinka na shekara, ya biya su a kan kowace shiga. Daga wannan dillancin ne amfaninsa ya fito, daga nan ne kuma kusan duk matsalolinsa suka fito.

Tsarin biya iri uku ne. A farashin dala da aka san shi da shi a 'yan shekarun nan, Standard dala 99 ne a shekara, sannan duk shiga ka biya dala 35. Standard Plus dala 329 ne, da shiga goma a ciki, abin da ya haura goma kuma dala 35 kowace. Prestige dala 469 ne, ka shiga iya son ranka. Wanda ka shigo da shi, ko a wane tsari kake, dala 35 ne a kansa. Farashin yakan bambanta da ƙasar da mutum ya yi rajista, don haka a duba shafinsu kafin a biya, amma hanyar lissafin ɗaya ce. Mai Standard da ya shiga sau shida ya kashe dala 309, in ya shiga sau bakwai ya kashe 344, wato daga shiga ta bakwai Standard Plus ya fi sauƙi. Mai Standard Plus da ya shiga sau 14 ya kashe dala 469 daidai, don haka Prestige ba ya biyan kansa sai daga shiga ta 15. Kuskuren da mutane ke yi a nan shi ne ƙirga tafiye-tafiye maimakon ƙirga zaman da za a yi da gaske. A takarda, zuwa da dawowa ta hanyar canjin jirgi yana ba da damar shiga huɗu. A zahiri, in canjin awa ɗaya da rabi ne, tsakanin saukowa daga bas, layin bincike da neman ƙofa, ko ruwa ba za ka tsaya sha ba. Biyu daga cikin huɗun sun tafi ke nan.

Standard shi ne mafi raunin ukun, kuma da wuya a ba mai tafiyar aiki shawarar sayensa. Falo da yawa suna karɓar kuɗi kai tsaye a ƙofa daga wanda ba shi da kowane kati, kuma ratar da ke tsakanin kuɗin ƙofa da dala 35 ba ta cika mayar wa mutum da dala 99 ɗinsa ba in shigarsa uku ce ko huɗu a shekara.

To me ake samu in an shiga? A kantar ƙofar falon za ka miƙa katin shiga jirgi na ranar, ka buɗe manhajar Priority Pass a waya a ɗauki lambar QR, wani wurin a nemi fasfo. Minti biyu ka wuce. Bambancin da za ka fara ji a kunne ne: hayaniyar lasifika da kukan yara da ƙarar tayoyin jaka sun koma bayan gilashi. Ga kujera mai laushi, ga ɗan teburi, ga soket a jikin hannun kujerar ko a ƙasanta. Wanda ya taɓa ganin manyan mutane da babbar riga sun tsuguna a gindin ginshiƙi kusa da ƙofar shiga jirgi, waya huɗu a soket ɗaya, kowa yana gadin tasa, ba sai an yi masa bayanin darajar wannan ba. Akwai shayi da gahawa da ruwan gora ba adadi, abinci a jere ka ɗiba da kanka, bayan gida mai tsafta wanda ba ka bin layi, da intanet na falon shi kaɗai. A manyan wurare irin falon Marhaba na Dubai, Al Maha na Doha ko falon IGA na Istanbul, abincin yakan kai a kira shi abinci: shinkafa, miya, kaza, burodi, 'ya'yan itace. A ƙananan wurare kuwa kada ka sa rai da fiye da biskit, gyaɗa da lemon kwalba. Kati ɗaya ne, kuɗi ɗaya ne, amma abin da ke bayan ƙofar ba ɗaya ba ne, domin kowane falo da mai shi.

Ga mai aiki, awa biyu a teburi da caji da shiru ba ƙaramin abu ba ne. A nan ake gama rahoto, a duba takardun kaya, a amsa saƙonnin da suka taru. Abinci da ruwa a filin jirgi kuma tsadarsu ta wuce misali, don haka wani ɓangare na dala 35 ɗin kuɗi ne da dā ma za a kashe. A wannan gefen katin yana cika alƙawarinsa.

Inda yake gazawa shi ya fi buƙatar bayani, domin gazawar tana zuwa ne daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Kusan duk falukan suna can ciki, bayan an auna kaya, an wuce jami'an shige da fice, an wuce bincike. Ba ka isa can sai da katin shiga jirgi, kantar awon kaya kuma ba ta cika buɗewa ba sai saura awa uku ko huɗu a tashi. Ɗauki mutumin da ya taso daga Kano da safe a jirgin cikin gida, ya sauka Legas da azahar, jirginsa na waje kuma sai goma na dare. Ya karɓi jakunkunansa a MMA2, wato sabuwar tashar cikin gida ta Legas, ko a tsohuwar, ya nemi mota zuwa ɓangaren ƙasa da ƙasa tunda ba gini ɗaya ba ne, sannan ya zauna a waje da akwati biyu na tsawon awa biyar yana jiran a buɗe kanta. Ko bayan gida zai shiga sai ya ja kayansa. Katin da ke wayarsa ba shi da abin da zai yi masa a wannan zaman, kuma shi ne zaman da ya fi kowane cin rai. Haka abin yake ga duk wanda ya sayi tikiti biyu daban don neman sauƙi: kayansa ba za su wuce kai tsaye ba, dole ya fita ya karɓa ya sake aunawa.

Sai batun tasha. Manhajar za ta nuna maka cewa filin yana da falo uku, ka yi murna, ka isa ka tarar duk suna wata tashar da katin jirginka ba ya kai ka. A filayen Turai ma akwai rabuwa tsakanin ɓangaren Shengen, wato na jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashen Turai masu bizar bai ɗaya, da na waje, mai fasfon Najeriya ko Gana da ke yada zango kawai ba ya tsallakawa ɗayan ɓangaren. Abin yi shi ne a duba sunan tashar, da lambar ƙofar da falon ke kusa da ita, da lokacin buɗewa da rufewa, tun a gida. A sake dubawa ana gobe tafiya, domin jerin yana motsi. Falukan Plaza Premium, waɗanda suna cikin mafi kyau, sun fice daga tsarin a 2021, ba su dawo ba sai 2023. Wanda ya biya kuɗin shekara saboda su a tsakanin nan ya yi asara. A Najeriya ƙarfin katin yana Legas da Abuja. Wanda yawancin zirga-zirgarsa tsakanin ƙananan filayen jihohi ce, kuɗinsa zai kwanta ne kawai.

Kada kuma a rikita waɗannan falukan da na kamfanonin jirgi. Al Mourjan na Qatar Airways a Doha, falukan Emirates a Dubai, duk ba sa karɓar wannan kati. Hotunan da ake gani a intanet na falo mai kama da fada, galibi nasu ne.

Na uku shi ne iyakar lokaci. Falo da yawa awa uku suke bayarwa, wasu ma ba sa barin ka shiga sai saura awa uku jirginka ya tashi. Mai zaman awa tara ko dai ya yi shida a waje, ko a sake ɗaukar lambarsa a lissafa masa shiga ta biyu. Ga mai Prestige ba komai, ga mai Standard Plus kuwa zango ɗaya ya cinye biyu ko uku daga goman da ya saya.

Na huɗu, wanda ya fi ɓata rai: falo yana da ikon mayar da kai in ya cika, kuma sharuɗɗan katin sun yarda da haka. Dalilin a fili yake. Mai falo yana da yarjejeniya da kamfanonin jirgi su turo masa fasinjojin bizines, su ne manyan abokan cinikinsa, sai ya ajiye musu kujeru. Bankuna kuma sun raba irin wannan izini ga dubban masu kati. Manyan filayen canjin jirgi suna aiki ne rukuni-rukuni, jirage su sauko tare cikin awa biyu su tashi tare. A Addis, alal misali, jiragen Afirka ta Yamma sukan sauka da daddare, na Asiya da Turai su tashi kafin tsakar dare ko jim kaɗan bayanta. A Doha da Dubai ma tsakar dare ce kasuwa. Lokacin da kake neman kujera shi ne lokacin da kowa ke nema. Sai ka tarar da ɗan allo a bakin ƙofa cewa ba a karɓar masu kati yanzu, ko a rubuta sunanka a ce ka dawo bayan minti arba'in.

Jinkirin jirgi ma haka. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe Kano da sauran filayen arewa har jirgi ya kasa sauka, wasu filayen kuma ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana, don haka jinkirin yamma yakan zama sokewa. Ranar da aka yi haka falon yakan cika maƙil, awa ukunka ta ƙare, jirgin bai zo ba. A irin wannan rana abin da ya fi kati amfani shi ne sanin haƙƙinka. Dokokin hukumar NCAA na kare fasinja sun ɗora wa kamfanin jirgi, a tafiyar cikin gida, ya ba da abin taɓawa in jinkiri ya kai awa biyu, ya mayar da kuɗin tikiti ga mai so in ya wuce awa uku, ya kuma ba da masauki da mota in abin ya kai tsakanin goma na dare da huɗu na asuba. Fasinjoji da yawa ba sa tambaya, wanda bai tambaya ba kuma ba a cika bin sa da shi ba.

Barci kuwa, a cire shi daga lissafi. Kujerun an yi su ne don zama, fitilu ba sa mutuwa, ma'aikata kuma sukan tashi wanda ya miƙe a doguwar kujera. Wanka akwai a wasu wurare, wani kyauta wani da ƙarin kuɗi, kuma da layi, don haka a rubuta suna tun a kanta lokacin shiga, ba sai an ci an sha ba. Wanda zai kwana ya nemi otal. Ethiopian Airlines yakan ba da masauki da abinci ga mai zangon awa 8 zuwa 24 a Addis in babu jirgin da ya fi kusa kuma tikitin ɗaya ne, sai a tambaya tun wurin awon kaya. Gado na awa biyar ya fi kowane falo ga wanda zai shiga taro da safe. A riƙe rigar sanyi a jakar hannu kuma: Addis tana sama da mita 2,300 daga teku, darenta da sanyi, na'urar sanyaya ɗaki a filayen Larabawa ma ba ta da tausayi.

Akwai haɗarin da jin daɗin falon kansa ke jawowa. Da yawa ba sa sanar da tashin jirgi, sai dai allo. Ƙofar shiga takan rufe saura minti 15 zuwa 20, kuma a fili irin na Istanbul tafiya daga falo zuwa ƙofa ta ƙarshe tana iya cin minti ashirin da sauri. Mutum ya saki jiki da shayi, agogon hannunsa yana kan lokacin gida, alhali Addis da Doha da Istanbul suna gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, Dubai da uku, Guangzhou da bakwai. Lokacin da ke kan katin jirgi na garin da kake ne. A Habasha ma akwai ƙarin tarko: mutanen ƙasar suna ƙirga awa daga fitowar rana, abin da kake kira ƙarfe bakwai na safe su ƙarfe ɗaya ne a wurinsu, don haka allo za ka duba, ba tambaya za ka yi ba. Ka saita ƙararrawa a waya saura awa ɗaya a tashi, ka tashi da ta buga. In jirgi ya tafi ya bar ka kana falo, kamfani ba ya ɗaukar laifin, kuɗin canjin tikiti a kanka yake.

Game da salla, filayen Dubai, Doha, Istanbul da Alƙahira suna da masallatai da wurin alwala a cikin tasha, kuma sun fi kusurwar falo dacewa nesa ba kusa ba. A Turai da gabashin Asiya ne bayan gidan falo yake zama rahama, domin ana samun wurin da za a yi alwala a natse. A san kuma cewa yawancin falukan duniya suna da kantar giya a buɗe, naman da ke kan teburi kuma ba lallai ne na halal ba in an bar ƙasashen Musulmi. A tambaya, ko a tsaya a kifi da ƙwai da ganye. Mai azumi da zai yi zangonsa da rana, kusan rabin abin da ya biya ba zai amfana da shi ba.

Soket ɗin da aka yi ta yabo ma yana da sharaɗi. Caja mai ƙafa uku irin ta Najeriya tana shiga a Dubai da Doha, amma Addis da Alƙahira da Istanbul ƙafa biyu masu zagaye suke amfani da su. Adafta ɗaya mai baki da yawa tana raba wannan gardama. Fawabanki a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan awo ba, kuma iyakar da ake yarda da ita ba tare da izinin kamfanin jirgi ba ita ce 100Wh, wato wajen 27,000mAh. Tun ƙarshen Yunin 2025 Sin ta hana shiga jiragen cikin gidanta da wanda ba shi da tambarin ingancin kaya na ƙasar, wato CCC, abin da ya shafi duk mai sauka Guangzhou ya wuce wani gari. Intanet ɗin falo kuwa na jama'a ne duk da kalmar sirrin da aka rubuta a kanta: kada a buɗe asusun banki ko takardun ofis a kai ba tare da VPN, manhajar da ke ɓoye bayanan da kake aikawa, ba. Shirun wurin ma yana sa a ji maganar kowa, wanda ke ciniki a waya da ƙarfi yana karanta wa na kusa da shi farashinsa ne, kuma a hanyar Sin ko Dubai na kusa da kai yana iya jin Hausa sarai.

Jiki ma yana da nasa haƙƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yana ninkawa bayan tafiyar awa huɗu ko fiye a zaune. Wanda ya sauko daga zaman awa biyar, zai hau na awa goma, bai kamata ya kwashe zangonsa duka a kujera mai laushi ba. Rabin awa na tafiya a cikin tasha da ruwa mai yawa sun fi masa faranti na biyu.

Wajen biya, a yi amfani da katin dala, domin katin naira yakan zo da iyakar abin da za a kashe a waje, kuma kuɗin shiga ba a kanta ake cire shi ba, daga baya yake fita daga katin da ka yi rajista da shi. A duba adadin mutanen da aka rubuta kafin a sa hannu, don abokin tafiyar da ya biyo ka ciki dala 35 ne. Rajistar tana sabunta kanta duk shekara in ba ka dakatar ba. Mai neman ofis ya mayar masa da kuɗi ya sauke rasit daga manhajar tun tafiyar tana sabuwa. Kafin duk wannan ma, a tambayi banki: manyan katunan Visa da Mastercard da yawa suna zuwa da shiga falo ta LoungeKey ko DragonPass, tsare-tsare irin na Priority Pass, kuma akwai masu riƙe da su shekara da shekaru ba su sani ba. Wanda kuma yake bin Ethiopian, EgyptAir ko Turkish a kai a kai, duka ukun 'yan ƙawancen kamfanonin jirgi na Star Alliance ne. Ya tara tafiyarsa a lamba ɗaya har ya kai matakin zinare, zai shiga falukan kamfanonin da kansu da baƙo ɗaya kyauta, ga ƙarin nauyin kaya, wanda a wurin ɗan kasuwa ya fi shayi daraja.

Wanda katin ya dace da shi shi ne mai fita waje sau huɗu zuwa shida a shekara, a kamfanoni daban-daban, da zangon awa uku zuwa biyar a manyan filaye. In a zango kawai yake shiga, Standard Plus ya ishe shi, in ya ga yana haura shiga 14 ya koma Prestige. Mai fita sau ɗaya ko biyu ya biya a ƙofa ranar da ya ga dama. Mai zirga-zirgar cikin gida kuwa gara ya sa kuɗin a tikitin jirgin farko na safe, wanda ya kwana a filin, domin jinkiri taruwa yake yi daga jirgi zuwa jirgi har yamma, kuma na ƙarfe bakwai bai riga ya gaji laifin kowa ba.